Bakyum, Kwararar Ayon da Siririn Shafe: Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Shiga Ɗakin Gwaji

Ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke shigowa wannan fanni kusan tambayoyinsu ɗaya ne: me ya hana ma'auni sauka, me ya sa shafe ya ɓare, me tuddan nan na jadawalin RBS, wato awon shafe da harbin ayon (atom masu caji), ke nufi. An tattara su a nan, an fara da na tushe. Wanda ya riga ya saba da famfo yana iya tsallakawa ƙasa, amma kada ya tsallake amsa ta uku, domin sauran duk a kanta suka jingina.

Mene ne bakyum? Ana iya kwashe iska kaf daga cikin tukunya?

Ba a iyawa, kuma ba a taɓa yi ba. Bakyum shi ne duk rufaffen wurin da aka rage iskar cikinsa ta yi ƙasa da ta waje. Iskar da muke zaune cikinta tana da nauyi: a bakin teku tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Evangelista Torricelli ya nuna haka a Italiya a 1643, da ya kifa bututun gilashi cike da zaiba a cikin kwano, zaibar ta sauko ta tsaya a tsayin wajen milimita 760, ta bar fili a sama. A shekarun 1650 kuma Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, ya haɗa ƙoƙuna biyu na jan ƙarfe baki da baki, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawakai takwas ta nan takwas ta can, suka kasa raba su.

A iskar ɗaki, kowane kubik santimita yana ɗauke da ƙwayoyin iska wajen 2.5×10¹⁹. In ka sauke matsi zuwa 10⁻⁶ milibar, saura wajen biliyan 25. Ko a 10⁻¹⁰ milibar, inda sai an yi da gaske ake kaiwa, akwai sauran wajen miliyan biyu da rabi.

Milibar, tor, faskal: wanne zan yi amfani da shi?

Wanda ke jikin ma'auninka, amma ka riƙa rubuta sunansa kusa da lambar. Iskar waje milibar 1013 ce, ko tor 760, ko faskal 101,325. Milibar 1 faskal 100 ne, tor 1 kuwa milibar 1.33. Na'urorin Turai sun fi son milibar, na Amurka tor, na Japan faskal. Rikita tor da milibar ba ya kashe aiki. Rikita faskal da milibar kuskure ne na ninki ɗari. In an rubuta 10⁻⁶, ana nufin kashi ɗaya cikin miliyan, kuma duk sauka ɗaya a wannan ƙaramar lamba ragi ne na ninki goma.

Me ya sa ake wahalar da kai har 10⁻⁶ ko ƙasa da haka?

Dalilai biyu ne. Na farko shi ne nisan da ƙwaya ke iya tafiya kafin ta yi karo da wata. A iskar ɗaki bai wuce nanomita 70 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A 10⁻³ milibar ya kai santimita 6 zuwa 7, a 10⁻⁶ kuwa ya haura mita 60. Atom ɗin da ya tashi daga narkakken ƙarfe yana bukatar ya isa farantin da ake shafawa a miƙe, haka ayon ɗin da zai bi bututu mai tsawon mita goma. Wannan dalili da sauƙi: 10⁻⁵ ko 10⁻⁶ ta wadatar.

Na biyu shi ne wanda sababbi ke mantawa, alhali shi ne ke yanke hukunci kan ingancin aiki. Sauran iskar da ta rage a tukunya ba a tsaye take ba, tana ta dukan kowane bango, har da farantinka. A 10⁻⁶ tor, abin da ke dukan fuskar faranti cikin kusan daƙiƙa ɗaya ya isa ya rufe ta da layi guda na ƙwayoyi, in duk wanda ya taɓa ya manne. A 10⁻¹⁰ sai an yi kusan awa uku. To, a ce kana shafa titaniyam da saurin nanomita 0.1 a daƙiƙa, wato layi ɗaya cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, a tukunyar da ke 10⁻⁶ wadda yawancin abin da ya rage cikinta tururin ruwa ne. Ruwa yana isa farantin daidai da ƙarfen, ko ma fiye. Titaniyam kuwa ba ya barin oksijin ta wuce. Abin da za ka fito da shi rabinsa ƙarfe ne rabinsa tsatsa, ko da kuwa a takarda ka rubuta titaniyam zalla.

Zinariya ba ruwanta da wannan, domin oksijin ba ta kama ta. Shi ya sa "matsi nawa ne mai kyau?" ba ta da amsa ɗaya. Abin tambaya shi ne: me nake shafawa, da wane sauri, kuma me ya rage a ciki? Wani lokaci ƙara saurin shafe ninki goma ya fi sayen sabon famfo araha, kuma amfaninsu ɗaya.

Don me ake haɗa famfo biyu ko uku a tukunya guda?

Domin iska mai kauri da iska mai tsinkewa halinsu ba ɗaya ba ne. Daga matsin waje zuwa wajen 10⁻² milibar ƙwayoyi suna tura juna, don haka famfon farko, mai fukafukai da ke juyi cikin mai ko busasshe marar mai, yana iya ɗiba ya zubar. Ƙasa da nan kowace ƙwaya tafiyarta take yi ita kaɗai, ba abin da ke zuƙo ta. Famfo sai dai ya jira ta faɗo bakinsa ya hana ta komawa. Saboda haka babban famfo a bayan siririn bututu mai lanƙwasa asarar kuɗi ne.

Famfon turbo, wanda Willi Becker ya ƙirƙiro a kamfanin Pfeiffer a 1958, fukafukai ne da ke juyi dubban gomomi a minti suna bugun ƙwayoyi zuwa ƙasa. Famfon tururin mai, na Wolfgang Gaede da Irving Langmuir tun 1915 da 1916, tsoho ne amma ba ya mutuwa da wuri, sai dai mansa na iya ɓata tukunya. Waɗannan biyu dole a ɗaura musu famfon farko a baya. Famfon ƙanƙara yana daskarar da iska a kan faranti mai sanyin kelbin 10 zuwa 20, wato wajen digiri 260 ƙasa da sifili. Famfon ayon, da aka fito da shi a kamfanin Varian a 1957, yana binne iska cikin titaniyam, ba motsi ba ƙara. A CERN ma shafen titaniyam da zakoniyam da banadiyam ake yi wa cikin bututu, bangon da kansa ya zama famfo bayan an ɗumama shi zuwa wajen digiri 200.

Matsi ya sauka da sauri, sai ya toge a 10⁻⁵. Famfo ne ya lalace?

Da wuya. Mafi yawan lokuta ruwa ne. Duk sanda ka buɗe tukunya, danshin ɗaki yana manne wa bangon ƙarfe layi-layi, kuma sakinsa a hankali yake yi, awa bayan awa. Iskar da ke sarari ta fita tun minti goman farko. Abin da famfo ke fama da shi yanzu daga bango yake fitowa. Da damina abin ya fi muni, da hunturu tukunya ɗaya za ta sauka da wuri.

Magani uku ne. Ka riƙa cika tukunya da busasshiyar naitirojin in za ka buɗe, maimakon iskar ɗaki. Ka taƙaita zamanta a buɗe: shirya komai a kan tebur tukuna. In kuma ƙasa da 10⁻⁸ kake nema, sai gashi: a naɗe tukunya da igiyar zafi da takardar alminiyam, a kai ta digiri 150 zuwa 250, kwana ɗaya ko biyu, famfo na aiki. Gashin ya game ko'ina, domin duk lungun da ya rage da sanyi nan ruwan zai koma ya taru. Bayan gashi abin da ke saura galibi haidirojin ne, da ke tsattsafowa daga cikin ƙarfen kansa. In ka yi duk wannan bai sauka ba, duba amsar yoyo.

Yaya zan bambanta yoyo da ruwan bango?

Rufe bawul ɗin da ke tsakanin tukunya da famfo, ka riƙa rubuta matsi duk minti. In yana hawa da sauri iri ɗaya ba sassauci, yoyo ne. In ya hau sannan hawan ya riƙa raguwa, bango ne. Wanda ke da na'urar tantance ragowar iska, RGA, aikinsa ya fi sauƙi: 18 ruwa ne, 2 haidirojin, 44 kabon dayoksaid. In ka ga 28 da 32 tare, na farkon ya ninka na biyun wajen sau huɗu, ga kuma ɗan 40 na argon, to iskar waje ce ke shiga. Jerin tudda a 41, 43, 55 da 57 kuwa mai ne ko maiƙo.

Gano inda yake sai da hiliyam, saboda ƙwayarsa ƙarama ce kuma a iskar waje wajen kashi 5 cikin miliyan ne kawai. Ana fesa ɗan kaɗan a kan mahaɗa ɗaya, a jira, a matsa gaba. Daga sama ake farawa a gangaro, domin hiliyam sama yake tashi. In ka fara daga ƙasa duk mahaɗan da ke sama za su amsa. Kada ka buɗe silinda ka cika ɗakin, za ka yi awa kana jira ya watse. Wanda ba shi da na'urar hiliyam yana iya ɗiga barasar isofurofil a kan mahaɗa yana kallon ma'auni, in yoyon babba ne zai ga lamba ta yi tsalle.

Akwai kuma yoyon ƙarya: iska ta maƙale a ƙasan ramin sukuru ko tsakanin faranti biyu a cikin tukunyar, tana fita kaɗan-kaɗan. Hiliyam ba zai nuna shi ba. Shi ya sa ake amfani da sukurori masu huda a tsakiya.

Ma'aunaina biyu suna ba da lamba daban. Wanne ke gaskiya?

Mai yiwuwa babu. Ma'aunin Pirani, na 1906, yana duba yadda iska ke kwashe zafin siririyar waya, kuma ƙasa da 10⁻³ ba a dogara da shi. Na Penning da na Bayard da Alpert suna ƙirga ayon ne. Dukansu da naitirojin aka daidaita su, saboda haka a hiliyam ma'aunin ayon zai nuna wajen kashi ɗaya cikin biyar na gaskiya, a argon ya ɗan zarce. Saɓanin kashi 20 ko 30 cikin ɗari ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ba ya duba irin iskar shi ne mai tantani da ke lanƙwasa, kuma shi ya dace da auna argon lokacin shafe. Gargaɗi ɗaya: Pirani a argon mai yawa yana nuna ƙasa da gaskiya sosai, sai mutum ya yi ta ɗura iska yana jiran 1000 alhali ya wuce tuni.

Me aka hana sakawa cikin tukunya?

Tutiya, kadmiyam, dalma da tagullar da aka gauraya da tutiya, domin suna tururi da an ɗan ɗumama su. Haka salatif, roba ta kasuwa, takarda, katako, fenti, da man shafawa na inji. Sai hannu: zanen yatsa ɗaya maiƙo ne da gishiri da ruwa, kuma yana iya riƙe tsabtatacciyar tukunya kwanaki. Safar hannu marar hoda, wanka da asiton sannan barasa, a busar da naitirojin. Gasket ɗin jan ƙarfe na mahaɗar ConFlat sau ɗaya ake amfani da shi, a ɗaure notinan gefe da gefe a hankali, kuma a kiyaye kaifin bakin kamar ido. Zoben roba kuwa a duba shi da kyau: silin gashi ɗaya a kansa yoyo ne. Lokacin ƙurar hunturu a rufe kowace buɗaɗɗiyar mahaɗa da takardar alminiyam, a ajiye faranti a rufaffen akwati, domin kowane ƙwayar ƙura rami ne a shafe.

In an ɗauke wuta ana cikin aiki fa?

Wannan a shirya masa tun kafin ya faru. Famfon farko mai mai in ya tsaya, bakyum ɗin da ke gabansa na iya janyo man zuwa bututu, don haka a sa bawul mai rufe kansa da zarar wuta ta tafi. Famfon tururin mai ya fi haɗari: mansa na nan da zafi na tsawon mintuna, ruwan sanyaya ya tsaya, in iska ta shiga man ya ƙone ya watsu. Abu na farko shi ne rufe babban bawul. Famfon ƙanƙara in ya ɗumama zai saki duk abin da ya tara. Na ayon ne kaɗai ba ya ɓarna, tsayawa kawai yake. Dawowar wuta da ƙarfi ma tana kashe akwatin sarrafa turbo, saboda haka UPS da sitabilaiza sun riga kowane sabon kayan aiki a jerin sayayya. A manna takardar matakan kashewa a jikin na'ura, da tocila kusa.

Me ake kira siririn shafe, kuma ina ake ganinsa?

Layin wani abu a kan wani, daga kaurin atom ɗaya zuwa 'yan maikromita. Gashin kai yana kai nanomita 70,000, yawancin shafen da ake bincike kuwa tsakanin 10 da 500 yake. Shuɗi-shuɗin da ke kan tabarau shafe ne: gilashi yana mayar da wajen kashi 4 cikin ɗari na haske a kowace fuska, nanomita 100 na magnesiyam fuloraid ya sauke shi zuwa ƙasa da 2, dabarar da Alexander Smakula ya yi wa rajista a kamfanin Zeiss a 1935. Ƙyallin cikin ledar biskit alminiyam ne. Madubai 18 na na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb an shafe su da zinariya mai kaurin nanomita 100, duka-duka wajen giram 48. Layukan baƙin ƙarfe da kuromiyam masu kaurin nanomita kaɗan su suka kai Albert Fert da Peter Grünberg ga binciken 1988 da ya ba su kyautar Nobel a 2007.

Tururi ko fantsama: wacce hanya zan zaɓa?

A hanyar tururi ana narka abu a cikin ƙaramin kwale-kwalen tungistin, ko da harbin elektiron, ya tashi ya sauka a faranti. Tana da sauƙi da araha, kuma ta dace da zinariya, azurfa da alminiyam. Aibinta: atom ɗin yana isowa da ɗan kuzari, wajen 0.1 eV (ma'aunin kuzarin ƙwaya), ya zauna inda ya faɗi, kuma gaurayen ƙarfe yana rabuwa domin wani ya riga wani tashi.

A hanyar fantsama, wadda William Grove ya fara lura da ita a 1852, ana sa argon kaɗan, 10⁻³ zuwa 10⁻² milibar, a ba faifan abin shafe, wato taget, bolt 300 zuwa 700 na korau. Filasma ta kunnu, ayon na argon suna dukan taget suna fizgo atom, kamar yadda ruwan farkon damina ke dukan ƙasa ya fantsama laka a gindin bango. Maganaɗisun da ke bayan taget suna tsare elektiron kusa, shi ya sa taget ke cinyewa a zobe. Atom yana isowa da eV da dama, shafen ya fi danƙarewa ya fi kamawa, gauraye kuma yana fitowa kusan yadda yake. In taget ba ya ɗaukar wuta, sai a koma ga RF, wato wutar da ke juya alkibla da sauri, mai megahaz 13.56. Kada matsin argon ya ruɗe ka: sai ka fara sauke tukunya ƙasa sosai kafin ka sa shi, saboda dalilin da ke amsa ta uku. Kuma a fantsama minti biyar ko goma da murfi a rufe don a share fuskar taget.

ALD, MBE da PLD fa?

ALD, da Tuomo Suntola ya yi wa rajista a Finlan a 1974, tana sako iska biyu bi da bi, kowane zagaye ya ƙara wajen nanomita 0.1, har cikin rami mai zurfi. MBE, ta John Arthur da Alfred Cho a Bell Labs a ƙarshen shekarun 1960, tana gina kiristal layi ɗaya a daƙiƙa, kuma sai da 10⁻¹⁰. PLD tana harbin taget da leza, ta yi suna a 1987 wajen shafen oksaid masu sarƙaƙiya.

Shafena yana ɓarewa ko yana tsagewa. Me na yi ba daidai ba?

Fara zargin wankin faranti. In ya fita, duba ko abubuwan biyu suna kama juna: zinariya ba ta manne wa gilashi, sai an fara sa nanomita 5 na kuromiyam ko titaniyam ba tare da an buɗe tukunya a tsakani ba. Sai kuma ɗamewa. Shafen da ya tsage kamar busasshen tabo jan sa ake yi. Wanda ya kumbura ya yi ƙuraje matse shi ake yi. A fantsama, matsin argon ne linzami: in ya yi ƙasa shafe na matsewa, in ya yi sama yana jawuwa kuma yana fita da ramuka tsakanin ginshiƙai. Zanen da John Thornton ya fitar a 1974 yana nuna wannan tare da tasirin zafin faranti. Gwajin farko ba ya cin kuɗi: manna salatif ka fizge.

Ina son titaniyam naitiraid mai ruwan zinariya, sai ya fito ruwan ƙasa, saurin shafe kuma ya faɗi.

Abu biyu ne. Faɗuwar sauri alama ce naitirojin ta yi yawa har ta rufe fuskar taget. Abin haushi, in ka rage ta ba ya dawowa a inda ya tafi, sai ka sauka ƙasa da haka sosai. Ka rufe naitirojin, ka share taget da argon zalla, ka sake hawa a hankali kana kallon bolt ɗin taget. Launin kuwa, ko naitirojin ce ta zarce ko oksijin ta shiga. Duba matsinka na tushe da bututun iska, sannan ka nemi RBS ya raba gardama.

Na'urar kwaz ta ce nanomita 100. In yarda?

Ka yarda da sharaɗi. Faifan kwaz, da ke auna kaurin shafe a cikin tukunya, yana kaɗawa sau miliyan 5 ko 6 a daƙiƙa, nauyin da ya hau kansa yana rage kaɗawar, lissafin da Günter Sauerbrey ya fitar a 1959. Nauyi yake aunawa, sai ya raba da danƙarewar da ka ba shi daga littafi, alhali shafe sau da yawa bai kai curin ƙarfe danƙarewa ba. Ba kuma a wuri ɗaya yake da farantinka ba, zafi ma yana ruɗa shi. Ka rufe gefen wani faranti, ka yi shafe, ka auna tsayin matakalar da allurar auna tudu, ka gyara lissafin na'urar. Duk sanda aka motsa wani abu a ciki a sake.

Mece ce kwararar ayon, yaya ake samar da ita?

Ayon atom ne da ya rasa elektiron ko ya ƙaru da shi, don haka wuta na iya jan sa, maganaɗisu na iya karkata shi. Ayon mai caji ɗaya da ya ratsa bolt 1000 ya sami keV 1, wato eV 1000; MeV kuwa eV miliyan ne. Da ɗaruruwan eV ana fizgar atom daga fuska, da gomomi zuwa ɗaruruwan keV ana dasa su a ciki, da MeV ana bincike. Injin tandem yana cin riba biyu daga bolt ɗaya: ana sako ayon mai cajin korau, tsakiyar injin ta ja shi, a can ya ratsa 'yar iska ta tuɓe masa elektiron, sai tsakiyar ta koma tura shi. Da bolt miliyan 1.7 furoton yana fita da MeV 3.4, hiliyam mai caji biyu da 5.1. Maganaɗisu yana zaɓar nauyin da ake so.

Ƙirga su kuma da kofin Faraday ake yi: maikro'amfiya 1 ayon 6.2×10¹² ne a daƙiƙa in cajinsu ɗaya. Amma dukan ayon yana fitar da elektiron daga ƙarfe, ficewarsu kuma ana ƙirga ta kamar ƙarin ayon. In ba a sa zoben da ke mayar da su da bolt 200 ko 300 na korau ba, lissafinka ya kumbura.

Yaya ake karanta RBS? Ina bambancinsa da PIXE da ERDA?

RBS jikan gwajin Rutherford da Geiger da Marsden ne na Manchester, 1909 zuwa 1911. Ana harba hiliyam, galibi MeV 2, a auna kuzarin waɗanda suka dawo baya. Wanda ya bugi atom mai nauyi yana dawowa da yawancin kuzarinsa: daga zinariya wajen 1.84, daga silikon 1.13, daga oksijin 0.72. Wanda ya bugi na can ciki ya yi asara a shiga da fita, saboda haka faɗin tudu kauri ne, gefensa na dama kuma fuska. Yawan dawowa yana bin lambar atom ninki kanta, shi ya sa ɗigon zinariya ke fitowa ɓaro-ɓaro, oksijin a kan silikon kuwa sai an ƙura ido. Abin da RBS ke bayarwa atom ne a kowane murabba'in santimita. Mayar da shi nanomita sai da danƙarewa, matsalar da aka ambata a amsar kwaz. In ka haɗa shi da awon matakala, ka sami danƙarewar shafenka ta gaskiya.

PIXE, da aka fara a Lund ta Suwidin a 1970, yana harba furoton ya karanta hasken X da kowane sinadari ke fitarwa. Yana ganin kashi kaɗan cikin miliyan, yana raba maƙwabta irin baƙin ƙarfe da nikel waɗanda RBS ke cakuɗawa, amma ba ya faɗin zurfi. Da shi injin AGLAE da ke ƙarƙashin gidan tarihi na Louvre a Faris ke bincika kayan tarihi ba tare da an yanke su ba. ERDA kuwa yana fizgo atom marasa nauyi ya ƙirga su, shi ne hanyar ganin haidirojin.

SRIM ya ba ni zurfin dashe, awo ya nuna ya wuce haka.

SRIM, manhajar lissafin zurfin dashen ayon ta James Ziegler da Jochen Biersack, tana ɗaukan abu kamar atom ɗinsa a warwatse suke. Silikon kiristal ne mai layuka, ayon da ya dace da layi sai ya zarce ciki. Don haka ake karkata faranti digiri 7. Manhajar ba ta kuma san fuska na zaizayewa ko zafi na motsa abin da aka dasa ba. A keV 100 boron yana kai wajen nanomita 300 a silikon, asenik mai nauyi bai kai 100 ba. Bayan dashe sai gashi, sau da yawa digiri 900 zuwa sama, don kiristal ya warke.

Wane haɗari ne ya fi kamata in kiyaye?

Wuta tukuna: kafasito na riƙe caji bayan an kashe, a taɓa shi da sandar ƙasa kafin hannu. Injin ingiza ayon yana fitar da hasken X, wani lokaci da nutiron, kada a taɓa tsallake makullin ƙofa. Ruwan naitirojin yana kan digiri 196 ƙasa da sifili, lita 1 tana zama wajen lita 700 na iska, a rufaffen ɗaki tana kore oksijin ba wari ba alama. Iskar SF₆ ta cikin tankin tandem ta fi iska nauyi, a rami take taruwa. Tukunyar gilashi a sa mata raga. Asid ɗin HF kuwa kada a taɓa shi ba horo, ba man kalsiyam gulukonet a kusa.

A ina zan sami awon ayon a Afirka, kuma yaya zan shirya samfur?

Cibiyar CERD ta Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife tana da tandem mai bolt miliyan 1.7, haka Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana a Akara. A Afirka ta Kudu akwai iThemba LABS, a Kef Tawun da Johanasbag. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana da shirye-shiryen taimaka wa masu bincike samun lokaci a injinan wasu ƙasashe. Ka rubuta ka tambayi halin da injin ke ciki kafin ka kama hanya.

Shirin samfur tun ranar shafe yake farawa. Don RBS faranti ya zama marar nauyi kuma sumul: silikon ya fi gilashi, in kuma oksijin ko naitirojin kake son gani, faifan kabon ya fi duka, tun da tudunsa yana ƙasa da nasu. Saboda haka a kowane shafe ka ajiye gutsuren silikon kusa da ainihin farantinka. Yanka wajen santimita 1 a kowane gefe, rubuta lamba a baya, ka haɗa da guda marar shafe don kwatanci. Ka aika da bayanin abin da kake zaton yana ciki, layi bayan layi, da kaurin da kake tsammani, da matsin tushe na ranar. In farantin ba ya ɗaukar wuta ka faɗa musu tun da wuri, domin caji na taruwa a kansa ya ɓata awo. Kowane samfur a akwatinsa, fuskar ba ta taɓa komai, kuma ban da auduga.